Mugun da Malama ta nema

A ajinmu na ƙarshe a sakandare, a Bukkuyum, malamar Hausa ta cika allo da kalmomin nazari: jigo, tauraro, salo, zubi da tsari. Ina son kalmomin nan. Ni ba mai magana ba ce a aji, amma idan aka ba ni labari aka ce in ware kowane abu in sa shi a gurbinsa, sai in ji daɗi kamar mai tsince shinkafa a faifai.

Da ta ce kowa ya rubuto labari a kan abin da ya sani, na rubuta na ɗan kawuna. A ƙauyen Yargalma suke zaune lokacin da ake kawo dutsen zinari cikin gida. Kawu, ƙanen Inna, ya kawo nasa a buhu, matarsa ta riƙa daka shi a tsakar gida, a turmin da take surfen gero, yaron yana rarrafe a gefe. Kowa haka yake yi, ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin ƙurar. Yaron ya fara jijjiga, ya rasu. Daga baya aka kankare ƙasar gidan aka zuba sabuwa, Kawu ya bar dutse ya kama kabu-kabu. A danginmu idan an yi gaisuwar yaro an gama, ba a sake tayar da zancen. Ni ma a bakin Inna na tsinci labarin, guntu-guntu.

Malama ta dawo mini da daftarin da jan biro a gefe. Ta ce salon ya yi kyau, amma labarin a kwance yake. Tauraro yana bukatar wanda zai ja da shi. Ta tambaye ni wa ya jawo abin. Ta ce idan na gyara, ni zan karanta ranar rabon kyaututtuka, gaban iyaye.

Gyaran bai ba ni wahala ba, kuma wannan ne ya dame ni. Na ƙara wa uban yaron kwaɗayi. Na sa wani dattijo ya gargaɗe shi ya ƙi ji, alhali ba dattijon da ya taɓa yin haka. Labarin ya miƙe tsaye, Malama ta yaba. Ni kuwa tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi, don Kawu ne ke kai ni makaranta a babur ɗinsa, kuma shi zai wakilci Baba ranar taron. Ya riga ya kai babbar rigarsa wanki.

Ranar kasuwa muna tafe, buhun wake a gabansa ni a baya, ya ce ya ji ni ce zan yi karatu gaban jama'a. Ya yi ta tsokanata, wai muryar da ko kaji ba ta kora ta ina za ta kai bayan fili.

"To mi kir rubuta, ɗiyata?"

Muka wuce wata gonar dawa. Sannan na faɗa masa, ina kallon ƙeyarsa. Ban ɓoye dattijon ba, ban ɓoye kwaɗayin ba. Na ce malama ce ta ce sai da mugu.

Bai rage gudu ba. Can ya ce, "Ni nak kawo dutsen, wannan gaskiya ne, ki faɗe shi. Amma da wani ya ce mini kul, wallahi da na ji."

A ƙofar makaranta ya miƙo mini jakata kamar kullum, ya ce in gaida Malama.

A hutun tara na zauna bayan aji na soke dattijon, na soke kwaɗayin. Abin da ya rage shi ne mutum ya kawo buhu gida yana murna, matarsa ta daka, yaro ya yi rarrafe. Malama ta karanta, ta ce na mayar da shi inda ya fito. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba wani ɗan ajinmu damar, nasa labarin ɓarawon shanu ne, mugunsa a fili yake.

Kawu ya zo taron da babbar rigarsa, ya zauna a layin iyaye, ya tafa wa ɓarawon shanu. Da muna komawa ya tsaya ya saya mini rake. Bai tambayi me ya hana ni karatu ba, ni ma ban faɗa ba. Na riƙe raken har gida ban sha ba, ina tuna yadda biro ya yi ta gudu a hannuna ranar da na ƙaga dattijon nan.