Turin da ya ɓata hotunan Malam Sanda

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da Malam Sanda mai hoto ya dire akwatinsa na ɗaukar hoto a gaban rumfata a kasuwar Madarumfa ba. A farkon shekarun saba'in ne, bayan kaka. Sana'ata lokacin ita ce sayo kayan hoto daga Katsina ina sayar wa masu ɗauka: takarda, ruwan wanke hoto, da idon akwati, wato gilashin gaba da haske ke bi ya shiga.

Malam Sanda shi ke ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa a ƙofar ofishin kumandan, wato shugaban gundumar. Idon akwatinsa ya karce, na sayar masa da sabo. Tun daga nan sakataren ofishin ya fara maido masa hotuna, wai fuskoki sun yi hazo. An ce in ya sake kawo irinsu, za a ba wani mai hoto wurinsa.

"Alhaji, gindin kwalba ka saida mini!" in ji shi, a gaban jama'a. "Tsohon gilashina da karcensa ya fi wanga."

Dillali ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu: ko mutumin Katsina ya cuce ni, ko Malam Sanda ya musanya gilashin don ya ɗora mini. Na juya gilashin, na ga alamar da nake yi wa kayana. Nawa ne.

Na ce, "Malam, kawo tsohon, mu auna su duka."

Ga yadda ake awon. Gilashi maras kyau ba ya tara launuka wuri ɗaya: shuɗi yana tsayawa kusa da shi, ja yana wucewa baya. Na kafa farin ƙyalle mai baƙin zare a rana. Na rufe idon akwatin da jar takardar alewa, na ja sandar saiti, wadda ake turawa gaba ko baya a daidaita hoto, har zaren ya fito tar, na yi zane a jikinta. Na sake da shuɗiya. Tazarar zanen biyu ita ce girman aibin.

A tsohon gilashi, tazarar ta kai faɗin farce. A sabon, zane ya hau kan zane.

"Dabo ne," in ji Malam Sanda. "Takardar alewa za ta yi mini shari'a?"

Na ce to ya ɗauki hoton wani masunci da ke tsaye yana kallonmu, da sabon gilashin. Na tsaya ina duban hannunsa, don har lokacin ban yarda da shi ba. Ya leƙa, ya saita har fuska ta fito, sai na ga babban yatsansa ya ɗan tura sandar gaba.

"Tsaya! Me ka yi yanzu?"

"Ban yi komi ba."

"Ka tura sanda."

Ya dubi yatsansa kamar na wani. "Haka maigidana ya koya mini. In ka saita, sai ka ɗan ƙara."

Nan magana ta fito. Takardar hoto shuɗin haske ta fi gani, ido kuwa ba haka ba. Wannan turin shi ke gyara aibin tsohon gilashi. Sabon ba shi da aibin, sai turin ya zama ɓarna.

Na riƙe masa yatsa ya sake ɗauka. Da hoton ya fito daga ruwa, har zanen fuskar masuncin ana iya ƙirgawa.

Malam Sanda ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ta da farko: "Jama'a, Alhaji bai cuce ni ba. Sabo turken wawa, yau ni ya ɗaure."

Wurinsa bai kuɓuce masa ba. Ku masu shigowa sana'ar nan, ku riƙe wannan: in an maido muku kaya, kada ku yi rantsuwa, ku auna. In kayan ba su da aibi, ku dubi hannun mai su. Gilashi ana canza shi rana ɗaya. Malam Sanda kuwa sai da ya yi damina guda yana ɗaukar hoto da babban yatsansa a cikin aljihu.