Baƙin Man Motar Auta

A layin kanikawa babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Mai Kunne kowa ke ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Tun yana saurayi ya samo sunan, lokacin da yake wanke sifanu a hannun wani tsohon bakanike mai faɗan tsiya. Mota za ta shigo tana tari, kafin direba ya kashe ta ya riga ya karkata kai ya faɗi abin da ke cin ta. A buɗe inji, a tarar haka ne.

Garejinsa ba wani abin kallo ba ne: rumfar kwano, rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da tsohuwar kujerar bas da ya mayar wurin zaman baƙi. Amma a cikin wannan rumfar ya yi aure, ya gina gida, ya ciyar da 'ya'ya har suka kama gabansu. Yaran da ya koya wa aiki kuwa sun watsu ko'ina, kowa da nasa garejin.

Abu ɗaya ne ba a gardama da shi a kai, wato baƙin mai, man da ake zuba wa inji. A wurinsa mai kauri shi ne mai. Idan aka kawo masa galan, sai ya ɗiga a yatsa ya murza. In ya ji da danƙo ya gyaɗa kai, in ya ji tsinkakke ya ture shi gefe da ƙafa. Kuma ba a banza yake wannan ba. Motocin da ya girma a cikinsu tsofaffin tasi ne da motocin ɗaukar kaya, waɗanda injinsu ya gaji ya saki jiki. Ka ba irin wannan inji mai mai kauri, sai hayaƙi ya ragu, ƙara ta lafa, direba ya tafi yana sa albarka.

Da shekaru suka tura, sababbin motoci suka daina tsayawa a ƙofarsa. Ya lura, amma ya ce wa ransa yaran zamani ne, sun fi son garejin da ke da fanka da talabijin.

Ana nan sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe mai aikin jinya, ta sayi mota. Ba ta kai ta ko'ina ba sai wurin ubanta. Ranar duk layin ya fito kallo, har mai walda na kusa da shi ya ajiye aikinsa. Mai Kunne ya zagaya motar yana shafa ta kamar jaririya. Auta ta buɗe but ta ɗauko galan.

"Baba, wanda ya sayar mini ya ce irin wannan take sha. Sintetik ne, man zamani mara kauri."

Ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya ɗaga wa jama'a su gani.

"Wannan ai ruwan shayi ne, madara kawai ya rage. Shi za ki ba mota a zafin nan?"

"Amma Baba, a murfin injin an rubuta..."

"Murfi ne ya haife ki ko ni?"

Layi ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, ta sunkuyar da kai. Ya aika aka sayo masa mai kaurin da ya saba, ya zuba da hannunsa, ya rufe bonet ya daddaka shi.

Ba a daɗe ba ta dawo ta ce da safe idan ta tayar da motar tana jin wata kwaramniya, ga wata fitila da ta kama a gaban sitiyari, ga shan fetur. Da tsakar rana ta kawo motar, inji ya riga ya yi zafi. Ya kara kunne ya ji shiru.

"Lafiyarta ƙalau. Motocin yanzu surutun fitila gare su, ko ƙuda ya sauka sai sun kunna."

Daga ranar Auta ba ta ƙara kawo ƙara ba. Duk lokacin canjin mai sai ta zo, ta zauna a kujerar bas tana ba shi labarin asibiti, shi kuma ya zuba mai kaurinsa. Motar ta yi lumui, fitilar ma ta mutu. Wannan ya zama abin alfaharinsa. Duk direban da ya kawo maganar tsinkakken mai sai ya nuna masa hanya da sifana.

"Je ka tambayi motar 'yata. Sabuwa fil, mai kauri take sha, ko tari ba ta taɓa yi ba."

Wata ranar hutu da yamma Auta ta zo gida gaishe su, washegarin da ya canza mata mai. Tana ɗaki da uwarta, shi kuma ya tuna da wani bel na injin motarta da ya ga ya fara tsagewa. Ya karɓi makulli ya fita ya buɗe bonet. Hannu ya saba, sai ya zaro sandar awon mai. Abin da ya gani ya sa ya tsaya. Man fari-fari ne, yana ɗiga ƙasa kamar ruwa. Ya murza a yatsa, ya sake murzawa. Ba nasa ba ne.

Ransa ya ɓaci nan take. Ya faɗa gida yana neman hularsa.

"Mai shagon nan ya cuce ni! Jabu ya sayar mini, dare ɗaya ya tsinke. Yau sai ya gaya mini wanda ya aike shi!"

Matarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, tana goge hannu da gefen zani.

"Malam, zauna."

"Matsa mini."

"Ka zauna na ce. Kada ka je ka ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba."

A tsawon zamansu ba ta taɓa tare masa ƙofa ba. Ya zauna a bakin dakali, ita kuma ta rage murya. Ta ce tun ranar da ya ce wa Auta surutun fitila ne, motar ta ƙara rikicewa a hanyar asibiti, har ta kai ta wurin Bahago. Bahago yaronsa ne na da, wanda yanzu ya zama magidanci, yake da babban gareji a tsallaken titi. Shi ya ce man ne ya yi wa injin nauyi. Tun daga nan, duk ranar da uban ya zuba nasa, sai Auta ta zagaya ta hanyar baya a hankali don kada ya gan ta, Bahago ya tsiyaye shi ya zuba wanda ya dace.

"Kuma ke kin sani?"

"Ni na ce mata ta yi hakan. Ta zo tana kuka, wai ba za ta iya kallon idonka ta ce ka yi kuskure ba."

Ya dubi labulen ɗakin. Ya san Auta na bayansa tana ji, don ko surutun jikansa da ta zo da shi an toshe shi. Bai kira ta ba, ita ma ba ta fito ba. Ya fita ya rufe bonet a hankali, ya ajiye makullin a kan taga, ya shige ɗakinsa.

Ba fushi ne ya kwantar da shi ba, da fushi ne da ya fi sauƙi. Abin da ke dawo masa shi ne muryarsa, yana cewa a je a tambayi motar 'yarsa. Ya tuna yadda mai walda ke duƙar da kai kan aikinsa duk lokacin da ya fara wannan cika bakin. Ashe kowa ya sani. Ashe layin nan gaba ɗaya lallaɓa shi ake yi, kamar yadda ake lallaɓa tsohon da ya fara ruɗewa. Ya ce bayansa ke ciwo, ya ƙi fita aiki. Matarsa ta kawo man zafi ta ajiye, shi kuwa bai shafa ba.

Da zaman ya ishe shi, wata safiya ya sa rigar aikinsa ya tsallaka titi. Bahago na hango shi ya jefar da tsumman hannunsa, ya taho da sauri ya durƙusa.

"Maigida, kai da kanka? Ai da ka aiko na zo."

"Tashi. Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Bahago ya kai shi wani ɗan ɗaki a ciki, ya ja ƙofa don kada ma'aikatansa su ji. Ya ba shi kujera, shi ya tsuguna, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Maigida, ka yi haƙuri. Wallahi na rasa yadda zan yi ne."

"Ba haƙuri na zo karɓa ba. Lambobin nan da ke jikin galan, gaya mini abin da suke nufi."

Bahago ya tashi ya ɗauko galan biyu. Ɗaya an rubuta 20W-50, irin na Mai Kunne, ɗaya 0W-20. Ya ce lambar farko tana nuna yadda mai ke gudu da safe, inji na sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin hawa sama. Ta biyun kuwa kaurinsa ne bayan inji ya yi zafi. Sannan ya ɗauko wani ƙarfe kamar ɗan yatsa da aka ciro daga irin injin Auta, ya nuna masa wata raga da 'yan ƙofofi.

"Ta nan mai ke bi. Injinan yanzu a matse suke. Mai kauri kafin ya kutsa da safe, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Shi ya sa kowace mota da lambarta, a murfi ko a littafinta. Tsofaffin da kake gyarawa kuwa, naka ne daidai da su."

Mai Kunne ya kai ƙarfen kusa da ido, ya nisanta shi, ya kai shi bakin taga. Ƙofofin ba su fito masa ba sai da ƙyar. Nan ya gane cewa ko rubutun murfin ya daɗe ba ya iya gani, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

"To man nawa da kake tsiyayewa, ina kake kai shi?"

Bahago ya sosa ƙeya. "Ai sabo ne, Maigida, ba a zubarwa. Tsohuwar motar ƙanena ke sha. Har ƙiba ta yi."

Dariya ta ƙwace wa Mai Kunne, gajeriya, mai ɗaci. Ya miƙe ya ce a ba shi galan irin na Auta.

Da lokacin canjin mai ya zo, Auta ta iso garejin a makare. Ta fito daga mota ta durƙusa nesa da shi, idonta a ƙasa.

"Baba, ni dai..."

"Zo riƙe mini mazurari."

Ta zo ta riƙe. Ya ɗauko galan daga ƙarƙashin benci, ya ɓalle shi ya fara zubawa. Ta ga irin man, ta ga kuma sabon tabarau a fuskarsa, hawaye suka zubo mata. Shi dai bai ɗaga kai ba har galan ya ƙare.

"Daga nan asibiti za ki wuce kai tsaye," ya ce. "Hanyar baya ramuka gare ta."

Mai Kunne na nan a rumfarsa har yanzu, yana fama da tsofaffin tasi, kuma a kansu babu mai ja da shi. Idan sabuwar mota ta ɓata hanya ta tsaya aka tambaye shi man da take sha, sai ya ce a dakata ya duba, ko ya tura ta tsallaken titi. Bahago ma duk tsohuwar motar da ta gagari na'urarsa, nan yake turo ta. Amma zumuncin bai koma yadda yake ba. In suka haɗu a hanya, tsohon ne ke fara sunkuyar da kai, Bahago ya bi shi, su gaisa a gurguje kowa na kallon takalmin ɗan'uwansa.