Marwan Direba da Ciwon Matarsa

Shekara ashirin Marwan yana jan mota daga tashar Matameye zuwa Damagaram. Ya kai awaki, ya kai buhunan gero, amma matarsa Najaha ba ta samu kujera ba.

Ungozomar gidan likita ta duba ta, ta ce bakin mahaifarta ya fara canzawa, a kai ta Damagaram tun bai zama sankara ba.

Marwan ya taɓe baki ya ce, "Mai daka da kanta ce marar lafiya?"

Bayan shekara huɗu jini ya ƙi tsayawa, likita ya ce an makara. Da ta rasu, Marwan ya zauna kan tabarmar makoki yana gaya wa masu gaisuwa wai ita ce mai ɓoye ciwo.