Tiren Bi Mwatima da Ba a Shafa wa Mai ba

Bi Mwatima Faki ta fara hawan bishiyar kanumfari tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau, ba ta kuma daina ba sai da reshe ya karye da ita, lokacin har ta yi jikoki. Ƙugunta da ya karye ya haɗe, amma hawa ya ƙare. Gidanta na kallon shagon ɗinkina a bayan garin Wete, don haka in rana ta yi sanyi nakan tsallaka in zauna a dakalinta. Ita mai magana ce, ni kuma ba na gajiya da sauraro.

Tana cikin jinya wata 'yar ƙanwarta ta nuna mata a waya yadda ake ƙawata tiren katako da rezin, wani ruwan gam ne kala biyu da masu gyaran kwalekwale ke sayarwa a bakin tashar jirgi. In an haɗa su an zuba, sai ya daskare kamar gilashi, duk abin da ke ƙasa ana ganinsa. Matar da ke cikin wayar furanni ta jera. Bi Mwatima ta ce ita kanumfari za ta jera, tunda shi ta sani.

Jeren kam ya yi kyau. Takan zauna da tsinke tana tura ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya har su zama reshe, ko jirgin ruwa da filafilansa. Zubin ne ya ƙi. Da ta tsiyaya rezin sai ya riƙa gudu yana tattarewa, ya bar ramuka kamar idon kifi. Wanda ya daure ya bushe kuwa, kana sa farce sai ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon ayaba.

Ana haka ɗanta Shaame, wanda ke tuƙin mota a tsibirin Unguja, ya zo. Tun da ta faɗo yake son ɗauke ta ya mayar gidansa. Ita kuwa ta ga ɗakin da aka ware mata can, a bene yake, tagarsa na kallon bangon wani. A nan Wete kuwa kabarin mijinta yake, a nan bishiyoyinta suke.

"Mama, me ya rage miki a nan?" in ji shi. "Kina zaune kina gadin kajin maƙwabta."

"Ina da sana'a."

"Wannan abu mai danƙo? Ƙudaje kawai yake kama miki."

"Ko ƙudan ma sun fi wasu zuwa gaishe ni."

Ya yi dariya, amma bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce zai dawo bayan ƙaramar salla. In ta nuna masa tire ɗaya da za a kai wa baƙo gahawa a kai ba a ji kunya ba, zai bar ta. In babu, ta ɗaure kayanta. Ta ce ta ji, kuma Bi Mwatima ba ta warware magana.

Azumi ya kama tana fama. Ta zargi kanumfarin, ta sake shanya shi har ya yi ƙarau. Ta zargi mai sayar mata, ta ce tsohon rezin ya ba ta. Ta zargi damshin safiya, ta koma zubi da rana tsaka. Duk wanda ya lalace sai ta ce ƙila katakon ne bai ƙoshi ba, ta ƙara masa man kwakwa. A wajenmu ai ba a barin katako haka. Ƙofa, gado, akwatin amarya, duk sai an murza musu man kwakwa sun yi duhu suna sheƙi. Kafinta Kombo Mcha yana shafawa kafin ya kawo mata, ita kuma ta sake shafawa kafin ta fara jere, don kada a ce ƙazama ce.

Wata la'asar na tarar da ita a tsakar gida da wuƙa, tana kankarar wata tsohuwar kujera 'yar tsugunno da take aza kwanon haɗi a kai. Rezin ya ɗiga mata, ya daskare.

"Ka ga jaraba," ta ce. "Inda nake roƙonsa ya zauna ya ƙi, inda ban gayyace shi ba ya kafe."

Ta ci gaba da kankara har bakin wuƙar ya lanƙwashe. Ɗigon bai motsa ba, garau yake, ana ganin zanen katakon a ƙarƙashinsa. Sai ta ajiye wuƙar. Ta shafa kujerar da tafin hannu, ta shinshina. Ta jawo tire ɗaya daga cikin lalatattun, ta shafa, ta shinshina. Kujerar nan ta bayan gida ce, rana da ruwa sun cinye ta, ba wanda ya taɓa ɓata mai a kanta.

"Pandu," ta ce mini, "ashe ni ce nake korarsa."

Washegari ta dogara sandarta har rumfar Kombo. Ina jin su daga shago, domin shi ba ya magana a hankali.

"Tire ba mai? Bi Mwatima, azumin ne ya taɓa ki?"

"Na mangwaro nake so, busasshe, ka goge shi da yashi kawai."

"In fitar da katako fari fat kamar maraya? Mutane su ce Kombo ya tsiyace, man kwakwa ma ya gagare shi?"

"Wa zai gani? Sa shi a buhu."

"Matata za ta gani."

"Matarka ta ga abin da ya fi wannan muni ta zauna."

Masu zama a rumfar suka fashe da dariya. Kombo ya yi tiren yana mita, ya kawo a buhu kamar kayan sata, ya kuma ce kada ta ambaci sunansa.

Ta jera masa bishiyar kanumfari guda, da rassanta da tsani a jingine. Ta aza kwanon ruwa a kai don ta ga ko ya zauna daidai, ta cusa ɓawon kwakwa ƙarƙashin gefen da ya karkata. Da ta zuba, rezin ya bazu a hankali ya kwanta har kusurwoyi, bai gudu ba. Kumfar da ta taso ta hure ta da karan ganyen gwanda. Sannan ta kifa masa murfin kaba mai tsini, irin na rufe abinci, ta kafa doka: ba shara, ba turare, ba kaza a tsakar gidan. Har aka yi salla ba ta bar kowa ya ɗaga murfin ba.

Shaame ya iso da manyan jakunkuna a naɗe a hammata. Ta bar shi ya zauna, ta tambayi lafiyar yaransa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta shiga ta fito da gahawa da alewa a kan tiren. Ya kai hannu zai ɗauki kofi, sai ya tsaya. Ya sauke kofunan ƙasa. Ya ɗaga tiren wajen haske, ya juya shi, ya sa farce a gefe ya danna. Ya ciro makullin mota ya gwada a kusurwa.

"In ka karce mini shi, kai za ka ɗaure kaya," in ji ta.

"Saya kika yi."

"A wace kasuwa ake sayar da bishiyar babanka? Dubi reshen hagu."

Ya duba. Reshen a karye yake, daidai inda ya karye da ita. Sai ya ce matarsa za ta so irinsa.

"Ta shiga layi," in ji Bi Mwatima. "Matar Kombo ta riga ta."

Ya kwana biyu, ya gyara mata kwanon ɗaki inda yake yoyo, ya haɗa mata tebur mai tsayi don kada ta riƙa sunkuyo. Ran da zai koma ta raka shi har bakin titi, ta tsaya sai da motar tasha ta ɓace. Sannan ta juyo ta leƙo shagona.

"Pandu, in ka ga Kombo ka ce masa shida nake so. Kuma ya wanke hannunsa kafin ya taɓa su."