Bawa da Gizo-gizo Mai Murfi

Bawa manomin fadama ne a Dakko, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya shuka sai ya gano ramin wani gizo-gizo. Ba irin na ɗaki ba ne. Baƙi ne, yana haƙa rami a gaɓar gulbi ya yi masa murfi da laka, kuma mutum kan shekara bai ga biyu ba. Mahaifinsa ya koya masa cewa inda ramin yake, nan ambaliya za ta tsaya. Ƙasa da ramin a shuka shinkafa, sama da shi dawa.

Shekarar da aka datse gulbi a Bakolori bai ga rami ba. Ya bi maƙwabta ya shuka shinkafa, ruwa bai hau ba, ta bushe a tsaye. Irin da ya rage masa bai wuce ƙwarya uku ba. In ya sake kuskure, gidan ba hatsi.

Da damina ta gaba ta kusa, kwana tara yana bin gaɓa a sunkuye yana neman ramin, abinci ma ba ya shiga. Maƙwabcinsa Sambo ya tarar da shi, ya nuna masa kanari na ta waƙa a kan gawo kamar kowace shekara, ya ce ai duniya ba ta sake ba, bara ce kawai ta zo da gardama.

"Kanari ko ana jana'iza waƙa shikai," in ji Bawa. "Abincinai na gonar kowa. Shi ko gizo-gizon, in ya yi kuskure, gidanai ruwa ka ci."

"To, gaishe min da malamin naka in ka gane shi."

Rana ta goma ya ga murfin, can ƙasa, kamu biyu daga bakin ruwa. Ya daɗe a tsugune. Gonarsa duk tana sama da ramin. Da ya koma gida, matarsa Taiba ta ce dawa a fadama abin dariya ne, in ruwa ya hau kuma ba dawa ba shinkafa. Ya ce ya sani. Ya shuka dawa.

Kullum da safe sai ya je ya duba gulbi. Ruwa bai kai murfin ba har kaka.

Dawa ta ciyar da gidan, har Sambo ya samu dami biyu. Irin shinkafar kuwa yana nan a rumbu. Bawa kan buɗe ya duba ko ƙwari sun shiga, ya mayar ya rufe, don har yau bai ga inda zai shuka shi ba.