Rabin Gemun Hedimasta

Maigidana mai aski ne, tun kafin ya san ni yake wannan sana'a. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, benci ɗaya, babban madubi mai tsaga a kusurwa, da fankar da sai an tunkuɗa ta da mataji take tashi. Mutanen layi suna kiransa Sannu-Sannu, don ba ya gaggawa a kan kan mutum. Yakan ce gashi yana sake tsirowa, amma kunne ba ya tsirowa.

Aibinsa ɗaya ne, minshari. Maƙwabciyarmu ta taɓa yi mini murnar sayen janareta, ni kuwa na amsa, don ban ga amfanin tona asirin gidana ba. Minsharin na saba da shi. Abin da ya fara tsorata ni da girma ya zo masa shi ne shirun da ke tsakani. Sai ya ja, ya ja, sai ɗif, babu numfashi. In zuba masa ido, sai can ya fizgo iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe in na faɗa masa sai ya ce, "Ni? Uwar yara, ni ko minshari ba na yi. Mafarki kike."

To, wanda bai yi barcin kirki ba, ai rana za ta karɓi nata. Ya fara gyangyaɗi a tsaye. Wata rana yana yi wa wani direban tasi aski da inji, barci ya sace shi, injin ya kama hanya daga ƙeya har tsakar ka. Titi sosai, har da kwana. Dole aka aske wa bawan Allah kan duka, ya fita yana zage-zage, kafin yamma labari ya zaga layi.

Babban ɗanmu, wanda shagon ke jikin gidansa, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, yau inji ne, gobe aska ce a wuyan mutum. Ko dai ka nemi magani, ko in rufe shagon ka zauna gida ka huta."

Huta! Ni na san mijina. Ranar da aka raba shi da kujerar nan, ba hutu aka ba shi ba, kabarinsa aka fara haƙawa. Ni ma kuma, ina zan kai namiji zaune a tsakar gida yana sa mini ido a tukunya?

Na ja shi asibiti. Likitar yarinya ce, sa'ar autarmu, amma bakinta da daɗi. Bayan an gama gwaje-gwaje ta ce, "Baba, harshe da maƙogwaro tsoka ne, kamar damtse. In mutum ya yi barci sukan saki, naka kuwa suna saki har su toshe hanyar iska. A cikin tsoka akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu aikin gyara, in ta ji jiki su sabunta ta. In girma ya zo sai su ragu, waɗanda suka rage ma su yi nawa. Masu bincike suna ta neman yadda za a zaburar da su, amma ba a kai can ba tukuna."

"Wato leburorin sun yi ritaya," in ji shi, "sun bar ni da gini."

Abu biyu ta ba shi. Na farko wani inji mai hura iska, da ake ɗaura bututunsa a hanci lokacin barci. Na biyu motsa harshe a gaban madubi: a zaro shi, a kai shi wajen hanci, a danna shi a ganɗa, wato rufin baki. Ta nanata cewa injin ne babban magani, motsa harshen ɗan rakiya ne kawai.

Kunnen ƙashi gare shi, wallahi. Injin sau ɗaya ya ɗaura, ya dubi kansa, ya ce an mai da shi giwa, ya mayar da shi kwali ya tura ƙarƙashin gado. Ɗan rakiyar nan, motsa harshen, shi ya runguma hannu bibbiyu. Sannan ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. "Mai aski da ciwon barci, wa zai miƙa masa wuya?"

Matsalar ita ce madubin kirki a shago yake. Masu aski kuma suna da wata ɗabi'a: in suka danna kan mutum ƙasa don gyaran ƙeya, sai su ɗauka ya makance. Sai maigida ya danna kan mutum, ya ɗaga ido ga madubi, ya zaro harshe har haɓa, ya karkata shi hagu, ya karkata dama. Ya manta cewa kai ne ya sunkuya, ido yana nan yana aiki. Tela ya gani, bai sake dawowa ba. Mai gyaran waya ya gani, ya ce tsohon ya fara taɓuwa. A hankali bencin ya zama wurin kwanciyar kyanwa, ɗanmu kuma ya ce ƙarshen wata zai rufe.

Mutum ɗaya ya rage, Hedimasta. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau in ya yi gyaran murya manyan mutane sukan gyara tsayuwa. Tun gemunsa yana baƙi babu hannun da ya taɓa shi sai na maigida. Ba inji ake sa masa ba, aska ce da kumfa.

Ran nan na kai abincin rana, na tarar ana ta tashin hankali. Hedimasta a tsaye, zanen aski a wuya, kunci ɗaya a aske tas, ɗayan fari fat da kumfa.

"Yawwa, uwargida, gara da kika zo! Ni mijinki zai yi wa gwalo? Ni? Yaran da na koyar ma ba su taɓa yi mini a gabana ba!"

Maigida ya tsaya riƙe da aska, yana yi mini ido in yi shiru. Na dubi bencin da babu kowa, na dubi mutum ɗayan da ya rage mana yana shirin fita, na ce alkawari ya yi haƙuri.

"Ranka ya daɗe, ba gwalo ba ne, magani ne. Numfashinsa ke tsayawa cikin barci. An ba shi inji ya ƙi, wai ya zama giwa. Shi ne ya zo yana yi wa mutane lasar hanci a ƙeya."

Maigida ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin mijina ya ƙanƙance haka ba, har na ji tausayinsa ya rufe fushin da nake yi.

Hedimasta ya dube shi. Sai ya koma ya zauna, ya jingina, ya ɗaga haɓa, ya miƙa wuya. "Sannu-Sannu, gama abin da ka fara."

Maigida ya matso, ya ɗora yatsa a kuncinsa. Sai na ga ya dakata, ya ninke askar, ya ajiye.

"Ba yau ba, Malam. Jiya ban yi barci ba. Direba gashi ya rasa. Kai kuwa ba zan yi caca da wuyanka ba. Ka je wajen yaran nan na bakin titi su ƙarasa maka."

"Allah Ya kiyaye," in ji Hedimasta. Ya goge kumfar, ya sa hularsa. "Ka je ka zama giwa. Ina jira."

Haka dattijon nan ya yi ta yawo a layi da rabin gemu. Ya je kasuwa da shi, ya je gaisuwar mara lafiya da shi. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Mai askina ba shi da lafiya, aikinsa ne, shi zai ƙarasa." Da na ji haka sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

A ranar maigida ya jawo kwalin da kansa. Kwanakin farko ya yi ta mita, bututu ya dame shi, iska ta busar masa da baki. Daga baya ya fara tashi da safe idonsa garau, har yana yi mini surutun da ban nema ba.

Ranar da ya aika wa Hedimasta, na bi shi shagon, don ba zan bari a ba ni labari ba. Ɗanmu ma ya zo ya tsaya bakin ƙofa, hannu a harɗe, fuska a ɗaure. Maigida ya shafa kumfa, ya wasa aska, ya bi kuncin nan a hankali har ƙarƙashin haɓa. Hedimasta ya shafa fuska, ya ce an yi masa jinkiri, amma aiki ya yi.

Ɗanmu ya sauke hannu. Ya shigo, ya kori kyanwar, ya zauna a benci ya cire hularsa.

"Baba, bayan Malam ni ne."