Tayar da Ta Hana 'Yata Hawa Jirgi

Babana mai bishara ne, kuma a kan keke ya yi bishararsa, ƙauye zuwa ƙauye a kudancin Kaduna. Duk ranar Asabar da yamma yakan fito da keken tsakar gida, ya goge shi tas, ya buga wa tayoyin iska har sai ya danna da babban yatsa ya ji ko motsi babu. Sannan ya ɗalli tayar da farce, ta ce ƙau. "Taya mai laushi ta raggo ce," in ji shi. In damina ta kankama kuwa, hanya ta zama taɓo, ba ya hawa. Naɗe ƙafar wando yake yi, ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa. Da wannan karatu na girma, da shi kuma na zo Amurka.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ina zaune a Fort Washington, kusa da kogin Potomac, daga ni sai 'yata da ta fara makaranta a shekarar. Mijina yana karatu a wata jiha mai nisa, sai hutu muke ganinsa. Ni kuma ina aikin safe a wani gidan kula da tsofaffi. Tsakanin tashina daga aiki da lokacin da motar makaranta ke sauke yara a bakin titinmu, ɗan taƙi ne. Bas ɗin gari kuwa sai ya zaga duniya kafin ya zo unguwarmu. Amma akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa daji ta bi gefen wani rafi, ta ɓulla daidai bayan gidajenmu. Wani ɗalibi ɗan cocinmu da ya gama karatu zai koma gida ya bar mini kekensa, irin sababbin nan masu ƙatuwar taya da aka yi don hawa tudu da shiga daji. Tayoyin sun suɗe, amma lokacin da ƙasa ke bushe ban taɓa makara ba.

Sai sanyi ya shigo. Ni a zatona sanyinsu ƙanƙara ce kawai, ta zuba ta zauna. Ina! A wannan yanki zuba take yi yau, jibi ta narke, ruwan sama ya biyo baya, hanyar dajin nan ta koma caɓi. Lakar ja ce, ga danƙo kamar tuwon da ya kwana. Na yi yadda Baba yake yi, na saɓa keke a kafaɗa. Kafin in fito daga dajin motar ta zo ta wuce.

A gida, in uwa ba ta nan, ai maƙwabciya ta ja yarinya ta ba ta abinci, magana ta ƙare. A nan ba haka ba ne. Direbar motar, wata dattijuwa mai tabarau, ba ta sakin ƙaramin yaro sai ta ga babba tsaye yana jira. Da ba ta gan ni ba sai ta mayar da 'yata makaranta. Na je na tarar da ita zaune a ofis, jakarta a cinya, ta yi kuka har ta gaji. Da abin ya sake faruwa, sai wata mata mai kula da yara a makarantar ta kira ni ofishinta. Murya a sanyaye ta yi maganar, har da murmushi, amma na fahimce ta sarai: in aka ƙara, zancen zai bar hannun makaranta.

Labari ya kai kunnen yayar mijina. Nas ce babba, tana zaune a Upper Marlboro, ta daɗe a ƙasar, kuma maganarta a danginsu yankan wuƙa ce. Ta zo ta zauna a falona ko kwat ba ta cire ba.

"Matarmu, ki saurare ni. Akwai wata 'yar cocinmu da za ta tafi gida ƙarshen wata. Ki haɗa wa yarinyar nan kayanta, a kai wa Mama ita. In kun gama abin da ya kawo ku, kwa ɗauko ta."

"Yaya, 'yar tawa?"

"To ta wa? Ke kaɗai ce kika taɓa haihuwa? Mu ma haka muka yi. Gara tana hannun kakarta da a ce tana hannun gwamnati."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Na san 'ya'yan da aka kai gida da sunan shekara ɗaya, sai da suka yi gemu suka dawo, suna kiran uwarsu Anti. Ɗan farin Yaya ma haka ne, kowa ya sani, ba a dai faɗa. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen watan. In na ƙara makara ko sau ɗaya, ni da kaina zan naɗe kayan. Ta ce ta ji, amma za ta sayi akwatin tafiyar ta ajiye.

Akwai wani dattijo mutumin Kumasi, muna ce masa Alhaji, yana da ɗan shagon gyaran kekuna a bakin babban titi. Hausarsa ta zango ce, "kai" yake ce mini kamar namiji, tun ina dariya har na saba. Na gaya masa ina son tayar da za ta ci laka. Ya sauko da tayoyi ya baje a ƙasa, muka tsuguna muna dubawa kamar masu zaɓen doya. Ni da shi ra'ayinmu ɗaya: laka mai yawa sai haƙora masu yawa. Muka ɗauki wadda ta fi kowacce faɗi, haƙoranta cunkus kamar ƙwayar masara a jikin goyo. Ya ɗaura, ya kama famfo. Na ce, "Alhaji, ƙara." Ya ƙara. Na danna da yatsa, na ɗalla, ta ce ƙau. Ya ce, "Kai ɗan gidan masu keke ne." Na ji daɗi har raina.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ranar Asabar na bar 'yata wurin wata 'yar cocinmu, na shiga dajin gwaji. Wayyo! Ban yi nisa ba laka ta cika tsakanin haƙoran nan ta like. Tayar ta zama wani jan dunƙule, sumul, ba haƙori ko ɗaya a waje. Ta ci gaba da kwasar laka tana kumbura har ta cushe a jikin ƙarfen keken ta ƙi juyawa. Na sa tsinke na ƙwaƙule, na hau, ta sake cikawa. A gangaren rafi kuwa keken ya zame ya yi nasa wuri, ni ma na yi nawa. Na zauna cikin taɓo ina zagin laka, ina zagin Amurka, ina zagin karatun mijina. Da na gama zagin na share fuska, na ce yarinyar nan dai ba za ta hau jirgi ba.

Washegari Lahadi, kafin coci, na sa 'yata tsakanin ƙafafuna ina taje mata kai. Gashinta irin na gidansu ubanta ne, ga cika ga tauri. Na ɗauki wani ƙaramin matajin roba da na saya a nan, mai haƙora a matse. Ja ɗaya ya cika da gashi da mai ya tsaya, yarinya ta tsala ihu. Na yi tsaki na jefar, na ɗauko na katako da na zo da shi daga gida, mai haƙora 'yan kaɗan a warwatse. Ya ratsa salin alin, ya fito fes. Sai na tsaya da mataji a hannu ina kallonsa. 'Yata ta waigo ta tambaye ni da Turanci ko lafiya. Na ce mata da Hausa ta juya kanta mu gama, muna da zuwa wani wuri bayan coci.

Alhaji yana buɗewa ranar Lahadi. Da kayan cocina na shiga shagon, na ce ya nuna mini tayar da haƙoranta suka fi nisa da juna. Ya yi ta bincike, can ya zaro wasu biyu daga bayan ƙofa, sun yi ƙura. Ba su kai na farko faɗi ba, haƙoran dogaye, tsakaninsu fili har yatsana na shiga.

"Wannan? Haba! Wannan ai bakin tsoho ne, duk giɓi."

"Ita nake so, Alhaji."

"Mai yawa ya kasa, mai kaɗan zai iya?"

"Laka wurin fita take nema. Waccan ta riƙe ta ne. Ka ɗaura mini kawai."

Ya ɗaura yana gunaguni da yarensu na Kumasi. Da ya zo kan iska kuwa ba mu yi gardama ba. Ya buga, na ce ƙara, ta ce ƙau.

Da yamma na koma dajin. Lakar ta daina likewa, ina tuƙi tana fallatsa a bayana, tayar tana fita da haƙoranta a waje. Sirantarta kuma ta sa tana yanka taɓon ta taɓo ƙasa mai ƙarfi. Na fara murna, ashe da sauran rina a kaba. Hanyar cike take da saiwoyin itace a kwance, jiƙe sharkaf. Duk wadda tayar gaba ta taka sai ta yi tsalle ta goce gefe, kamar akuyar da aka ja da igiya. Sau nawa ina dira ƙafa, ban ƙirga ba. Amma na lura da wani abu: ta bayan ba ta gocewa. Na sauka na danna ta, na ji ta yi laushi. Ashe bawul ɗin, bakin da ake buga iska, bai zauna daidai ba, iska tana ta zurarewa tun daga shago. Raina ya ɓaci, har na fara shirya abin da zan gaya wa Alhaji. Sai kuma na dubi sawun da ke bayana. Mai laushin tana bajewa a kan saiwa ta rungume ta. Mai taurin, wadda na yi alfahari da ita, ita ce ke neman karya ni.

Na daɗe a tsugune gaban tayar gaban nan. Wani zai ce mene ne abin wahala a rage iska. Ni dai na san hannuna ya yi nauyi. Baba ya rasu ina ƙasar nan, ban je jana'izarsa ba, kuma wannan ƙau ɗin na cikin 'yan abubuwan da suka rage mini nasa. Na gyara bawul ɗin baya ya daina zuba. Sannan na zare fil daga ɗankwalina, na danna na gaba. Iskar ta fita da wani sauti, wallahi kamar tsakin Baba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, jikarka ce." Na rage har sai da yatsana ya ɗan shiga, na hau. Na ratsa dajin ban dira ƙafa ba, na juyo na sake ratsawa don in tabbatar.

Makon ya tafi lafiya, ina isa kafin mota. Sai ranar Juma'ar ƙarshen wata, aka tashi da ruwa a kan ƙanƙarar da ke narkewa. Wata tsohuwa da nake kula da ita kuma ta riƙe mini hannu daidai lokacin tashi, ta ƙi saki, sai da na lallaɓa ta. Na fito a makare. Na tsuke rigar aiki cikin wando, na danna tayoyin na ji laushinsu, na shiga dajin. Rafin ya cika ya hau hanya. Ruwa yana dukan fuskata, yatsuna sun ƙage a kan birki, cinyoyina suna wuta. A gangaren da na taɓa faɗuwa keken ya yi kamar zai tafi, na ja jikina baya, na ce ba yau ba. Haƙoran suka kama. Ina hawowa tudun ƙarshe na hango rawayar motar ta cikin itatuwa tana shawo kwana.

Tare muka iso bakin titin, ni da ita. Da na ɗago kai sai ga Yaya tsaye da lema, motarta a gefe, sabon akwati a kujerar baya. Ta ga ruwan da aka tashi da shi ta yanke wa kanta cewa ba zan iso ba, ta zo ta tari yarinyar. Direbar ta buɗe ƙofa, ta dube ni ta saman tabarau, tun daga kai har ƙafa jar laka, sai ido. Ta ɗaga mini babban yatsa. 'Yata ta diro da gudu ta rungume ni da farar rigar sanyinta, ban ma hana ta ba.

Yaya ta zagaya keken, ta sunkuya ta danna tayar da yatsa, yadda duk ɗan gida zai yi.

"Matarmu, tayarki ba iska."

"Haka nake son ta, Yaya."

"Gobe ma ta nan za ki biyo?"

"Gobe Asabar. Amma Litinin ta nan zan biyo, da Talata, har sanyin ya gaji ya tafi."

Ta dubi 'yata da ke maƙale a ƙafata. Ta daɗe tana kallonta, na ga idonta ya kawo ruwa, na kau da kai don kada ta ji kunya. Sai ta zare mayafin wuyanta, mai tsada, ta shiga goge mini laka a fuska kamar yarinya.

"Da na sami keke a lokacina," ta ce, ba ta ƙarasa ba.

Ta buɗe mota ta sauko da akwatin ta dire a gabana, ta ce in yi abin da na ga dama da shi. Na ɗora shi a kan sirdi ina turawa, 'yata tana riƙe da gefen rigata, muka shiga gida. Na sa famfon keken a cikinsa na tura ƙarƙashin gado, na ɗora ruwan wanka, na mutum biyu.